Darasin Adabin Amurka da Koyon Rubutu a Babbar Sakandare

Darasin adabin Amurka kwas ne na Turanci da ake koyarwa a manyan makarantun sakandare na ƙasar Amurka, galibi a aji na 11, lokacin da ɗalibai suke da shekara 16 zuwa 17. Aiki biyu ne aka ɗaure wuri guda: karanta abin da marubutan ƙasar suka rubuta tun zamanin da take ƙarƙashin mulkin Ingila, da koyon rubuta insha'i mai hujja a kan abin da aka karanta. Yawancin jihohi suna wajabta Turanci na shekara huɗu kafin ɗalibi ya karɓi takardar kammalawa. Gwamnatin tarayya ba ta da manhaja ɗaya da ta ɗora wa kowa. Jiha ce ke kafa mizani, hukumar ilimin gunduma da malamai su zaɓi littattafai. Mizanin Common Core na 2010, wanda jihohi fiye da 40 suka ɗauka da farko, ya buƙaci 'yan aji 11 da 12 su san muhimman ayyukan adabin ƙasar na ƙarni na 18 da 19 da farkon na 20, kuma su iya rubutu iri uku: na kafa hujja, na bayani, da na labari.

Abin da ake karantawa

Tsarin da aka fi sabawa da shi shi ne bin tarihi. Akan fara da labaran baka na 'yan asalin nahiyar, sai wa'azuzzukan malaman addinin Kirista na yankin New England, sai takardar shelar 'yancin kai ta 1776, wadda ake nazarta domin ganin yadda aka jera ƙorafi bayan ƙorafi har aka kai ga hukunci. Tarihin rayuwar Frederick Douglass na 1845 yana da matsayi na musamman a ajin rubutu, domin a ciki ya faɗi yadda ubangidansa ya hana a koya masa karatu yana bawa, da yadda wannan hanin ya fahimtar da shi cewa ilimi ne hanyar 'yanci. Daga nan sai The Scarlet Letter na Nathaniel Hawthorne na 1850, waƙoƙin Walt Whitman da Emily Dickinson, The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald na 1925, da marubutan baƙar fata na unguwar Harlem irin su Langston Hughes. Wasan kwaikwayon Arthur Miller, The Crucible, an rubuta shi a 1953, amma sau da yawa a farkon shekara ake karanta shi, tunda ya ginu a kan shari'ar zargin maita ta garin Salem a 1692, inda aka rataye mutum 19.

Cikas ɗin bin tarihi sananne ne: shekara takan ƙare ba a kai ga marubutan baya-bayan nan ba. Saboda haka wasu malamai suke tsara zango bisa jigo, kamar 'yanci ko neman arziki, su haɗa tsohon rubutu da sabo.

Yadda ake gina insha'i

A nan ne nauyin darasin yake. Ɗalibi yakan fara da karatu da alƙalami a hannu, yana ja wa kalmomin da suka maimaitu layi, yana rubuta tambaya a gefen shafi. Daga waɗannan alamomi yake fitar da jumlar da'awa, wato magana guda wadda wani zai iya musantawa, shi kuma ya kare ta. Idan ya rubuta cewa littafin Fitzgerald yana magana a kan kuɗi, bai kafa komai ba, domin ba wanda zai yi jayayya. Idan ya ce marubucin ya nuna sabuwar dukiya ba ta sayen matsayi a wurin waɗanda suka gaji arziki, tunda jarumin littafin, Gatsby, ya tara kuɗi amma Daisy da yake so ta zauna da mijinta Tom, wanda ya gaji arziki, to ya samu abin karewa.

Kowane sakin layi na tsakiya yana da gaɓoɓi uku: jumlar da ke faɗin batunsa, shaida daga cikin littafi, da sharhin da ke nuna yadda shaidar ta tabbatar da da'awa. Sharhin shi ne ya fi ba ɗalibai wuya, kuma shi ne ya fi daraja. Malamai da yawa suna son sharhi ya fi abin da aka ɗauko tsawo, kamar jumla biyu ko uku a kan kowace shaida. Wurin nuna inda aka ɗauko magana ana bin tsarin MLA, wato ƙa'idojin wata ƙungiyar malaman harshe da adabi ta Amurka: sunan marubuci da lambar shafi a cikin baka, jerin littattafan da aka duba a shafin ƙarshe, rubutu mai girman 12, da tazara ninki biyu tsakanin layuka.

Insha'i mai sakin layi biyar (gabatarwa, hujjoji uku, kammalawa) shi ne tsanin farko. Yana da amfani ga mai koyo, amma yakan zama tarko a aji na 11, saboda ɗalibi yakan tsinka tunaninsa gida uku ko da hujjarsa biyu ce ko shida.

Kurakuran da suka fi yawa suna da dalilansu. Na farko shi ne maimaita labari a maimakon nazarinsa, wanda ke faruwa idan an fara rubutu babu da'awa. Akwai kuma jefa maganar marubuci a tsakiyar sakin layi ba tare da an faɗi wa ya yi ta ko a wane hali ba. Wani kuskuren mai zurfi shi ne ɗaukar muryar mai ba da labari a matsayin ra'ayin marubuci. A littafin Mark Twain, yaron nan Huckleberry Finn ya ɗauka zunubi yake yi da yake taimakon Jim ya tsere daga bauta. Ɗalibin da ya ce wannan ra'ayin Twain ne ya juya littafin baibai. Sannan da yawa suna zaton gyaran rubutu shi ne daidaita waƙafi da harufa. Gyara na gaskiya ya haɗa da sauya da'awa, jefar da sakin layi sukutum, da sake jera hujjoji. Duba ƙa'idar rubutu sai a ƙarshe. Malamin da ke da aji biyar masu ɗalibai 30, in ya ba kowace takarda minti goma, awa 25 ke nan, shi ya sa ake sa ɗalibai su duba wa juna daftarin farko.

Jarrabawa da taƙaddama

Ɗaliban da ke son mataki na gaba sukan ɗauki kwas ɗin AP na harshe da rubutu, wato kwas mai matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, na hukumar shirya jarrabawa ta College Board. Jarrabawarsa tana da tambayoyin zaɓi 45 a awa ɗaya, sai insha'i uku a awa biyu da minti 15: haɗa majiyoyi don kafa hujja, nazarin dabarun shawo kan mai karatu, da kare ra'ayi. Kowane insha'i maki shida ne: ɗaya na da'awa, huɗu na shaida da sharhi, ɗaya na zurfin tunani. Sakamakon ƙarshe daga 1 zuwa 5 yake, kuma jami'o'i da dama suna yafe wa wanda ya ci da kyau wani darasi na shekarar farko.

Zaɓen littattafai ya daɗe yana jawo ce-ce-ku-ce tsakanin iyaye da hukumomin makarantu. Littafin Twain ya ƙunshi kalmar cin mutuncin baƙar fata fiye da sau 200, abin da ya sa wasu gundumomi suka cire shi daga jerin wajibi, wasu kuma suke koyar da shi tare da Douglass. Tun ƙarshen 2022 da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka bazu, malamai da yawa sun koma sa a yi rubutu a cikin aji da hannu, ko su nemi ɗalibi ya miƙa daftarinsa na farko da na biyu tare da kammalallen aikin.