Shin zanen ƙoƙon kai a jikin 'yan Goth alamar bautar shaiɗan ce?

An daɗe ana cewa Turawan nan da ake kira 'yan Goth, masu baƙaƙen kaya da tatu (zanen jiki) na ƙoƙon kai, jemage ko akwatin gawa, mabiya addinin shaiɗan ne. Ba a ga laifin wanda ya ɗauka haka ba, domin siffar tana da ban tsoro.

Sai dai Goth ba addini ba ne. Salon kiɗa ne da sutura da ya ɓullo a Ingila a ƙarshen shekarun 1970. Cikinsu akwai Kiristoci, akwai marasa addini, kuma da yawansu ba su da tatu ko ɗaya.

Zane-zanen kuwa sun girmi salon nesa ba kusa ba. Masu zanen Turai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna saka ƙoƙon kai a hotuna da duwatsun kabari don tuna wa mutum cewa mutuwa na tafe. Alamar nan mai kama da gicciye da zobe a samanta daga tsohuwar Masar ta fito, ma'anarta rayuwa. Tagogi masu tsini da 'yan Goth suke zanawa kuma fasalin majami'un Faransa ne tun ƙarni na 12.

Hukuncin tatu a addini magana ce daban, ta malamai. A ganina dai jingina wa mutane aƙidar da ba tasu ba zalunci ne.

In ka ga irin wannan zane, nemi tarihin alamar, sannan ka karanta abin da masu ita suka faɗa da bakinsu. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.