Ma'aikatan lafiya, yaushe rabonku da auna kanku?

Wallahi abin nan ya ishe ni. Kwanan nan abokan aikinmu nawa aka kwantar a gadon da suke kwantar da wasu, ta ƙarshen wata sista ce da muke dutin dare tare, tana cikin sa wa yaro ƙarin ruwa jiri ya ɗebe ta sai bango ta dafe, ko da aka auna ta jininta ya kai 180/110. Na ce Sista yaushe rabonki da awo, ta ce tun tana da cikin autanta. Autan nan yanzu yana firamare! Kuma abin awon a hannunta yake wuni.

Wanzami dai ba ya son jarfa. Kai ya yi ciwo mu buɗe durowa mu watsa paracetamol, baya ya riƙe a ce wa abokin aiki "ɗan yi min diclofenac", barci ya ƙi zuwa a nemi diazepam, wasu har tramadol don su kai asuba. Ba kati ba ganin likita, wai gajiya ce kawai. In majinyaci ne ya yi haka ai sai mun wanke shi tas.

Na sani 'yan uwana, aiki ya yi mana yawa, wasu sun tafi Saudiyya da Ingila sun bar mu da layin da ba ya ƙarewa, Allah ya saka muku. Amma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar nan da aiki ke jawowa: ƙarfi ya ƙare, ka ji aikin ya fita daga ranka, hannunka ya daina kyau. In ka fara yi wa mai naƙuda tsawa alhali da ba halinka ba ne, ƙwaya ba za ta gyara wannan ba.

Duk wata ka zauna ka duba:
- BP, wato awon hawan jini, in ya kai 140/90 ka maimaita, in bai sauka ba ka yanki kati kamar kowa
- barcinka na kaiwa awa 7?
- suga, da rigakafin hepatitis B, ka cika allura ukun?
- tambayoyi 9 na PHQ-9 da muke wa wasu don gano ciwon damuwa, ka amsa su tsakaninka da Allah
- ƙwaya nawa ka sha satin nan ba wanda ya rubuta maka?

Don Allah ku daina rubuta wa kanku magani. Ni ranar Litinin nake awon nawa kafin a fara kiran kati, duk wanda muke duti tare sai ya miƙo hannu shi ma.