Sauƙin wata na biyu ba warkewa ba ne

A ɗakin da muke raba maganin tarin fuka, wato tibi, a nan Kumasi, sabon majinyaci ba ya tayar mini da hankali sosai. Wanda ya zo a rame, gumi na jiƙa masa riga da dare, tari ya hana shi barci, ko ba a roƙe shi ba zai sha magani. Wanda nake jin tsoro shi ne na sati na shida ko na bakwai, wanda kumatunsa suka fara ciko.

Akwai wani dattijo tela daga unguwar Aboabo, sa'an mahaifina, da ya zo karɓar magani yana ta fara'a. Ya ce mini, "'Yata, ai na warke. Jiya wake da shinkafa kwano biyu na ci, har da ƙwai." Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, amma da sauran wata huɗu da 'yan kwanaki." Ya yi murmushi, ya karɓi ƙunshinsa, daga ranar ban sake ganinsa ba sai bayan Babbar Salla, ɗansa na riƙe da shi. Na daɗe ina ganin laifin kaina, domin na gaya masa adadin watanni amma ban gaya masa dalili ba. Dalilin nake so in shimfiɗa yanzu, ga duk mai shan maganin tibi a Zango da masu jinyarsa.

Ƙwayar cutar nan, wadda likitan Jamus Robert Koch ya bayyana wa duniya a ranar 24 ga Maris, 1882, ta iska take bi ta shiga huhu idan mai ɗauke da ita ya yi tari ko atishawa. Can cikin 'yan aljifan da huhu ke shaƙar iska akwai wasu fararen ƙwayoyin jini masu gadi, ana kiransu makurofaj, aikinsu su haɗiye duk baƙon da ya shigo su narkar da shi. Yawancin ƙwayoyin cuta a nan suke ƙarewa. Ta tibi kuwa tana da fata mai kauri mai maiƙo kamar kakin zuma, kuma ta iya hana mai gadin narkar da ita, sai ta mayar da cikinsa ɗakin kwananta. Da jiki ya ga haka sai ya tura ƙarin dakaru, musamman wasu da ake kira CD4, su kewaye wurin su yi masa ganuwa. A cikin wannan ganuwar cutar kan zauna shekara da shekaru ba ta fita. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, amma 5 zuwa 10 ne kawai cikin 100 daga cikinsu za su kwanta ciwon a tsawon rayuwarsu.

Idan ganuwar ta yi rauni, saboda yunwa ko ciwon suga ko ƙanjamau ko tsufa, tsakiyarta kan ruɓe ta yi laushi kamar cuku, ta fashe cikin hanyar numfashi, ta bar kogo a huhu. Daga nan tari ya fara ke nan.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Zazzaɓin yamma da gumin dare da rashin sha'awar abinci da ramar da kake gani, yawancinsu daga faɗan da jikinka ke yi suke fitowa. Dakarun nan suna sakin wasu sinadarai cikin jini don kiran 'yan uwansu, kuma sinadaran ne ke ɗaga zafin jiki, su rufe ciki, su sa jiki ya riƙa cin namansa. Hatta ɓarnar da ake gani a hoton ƙirji, kaso mai yawa na daga wutar da garkuwar jiki ta kunna don ƙona maƙiyi, ta haɗa da gidan.

To, da an fara magani, a kwanakin farko ake kashe mafi yawan ƙwayoyin da ke hayayyafa da sauri, kuma a cikin magungunan, isoniyazid ne gwanin wannan aikin. Yawansu na raguwa, sai kururuwar da ke cikin jini ta lafa. Zazzaɓi ya sauka, sau da yawa cikin sati biyu, barci ya dawo, mutum ya fara tambayar koko da ƙosai da safe. Wannan sauƙin na gaskiya ne, kuma abin godiya ne. Amma abin da yake nunawa shi ne jiki ya rage faɗa. Bai ce komai ba game da waɗanda suka laɓe.

Su waɗannan laɓaɓɓun su ne tushen wata shida. Ko a lokacin da take cikin ƙarfinta, ƙwayar tibi kan ɗauki wajen awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu gida biyu, alhali wasu ƙwayoyin cuta minti 20 ya ishe su. Waɗanda ke kwance cikin ruɓaɓɓen wurin nan, inda iska da jini ba sa isa sosai, kusan barci suke yi, kuma magani ya fi kama ƙwayar da ke farke. Maganin firazinamayid na aiki a wuraren da ke da tsami, inda kumburi ya yi yawa, shi ya sa ake ba da shi a wata biyun farko. Rifamfisin kuma yana dakon masu farkawa jefi-jefi, ya buge su. Kafin a samu waɗannan biyun, maganin tibi kan ɗauki wata 18 ko fiye. Yanzu tsarin shi ne wata biyu na magunguna huɗu, har da etambutol, a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, sannan wata huɗu na isoniyazid da rifamfisin. A watannin huɗun nan garkuwar jiki tana ta nata aikin a hankali, tana kwashe matattun ƙwayoyi, tana ɗinke kogon da tabo. Idan aka janye magani a tsakiya, an bar ta ita kaɗai da maƙiyin da ya riga ya kayar da ita sau ɗaya. Mai sha yau ya bari gobe kuma yana ba ƙwayar damar koyon jure wa maganin, kuma jinyar irin wannan tibin ta fi wuya ƙwarai.

Akwai kuma akasin haka, wanda shi ma yake raba mu da majinyata. Wani yana shan magani daidai, bai taɓa tsallake rana ba, sai bayan 'yan makonni kaluluwa ta fito masa a wuya, ko wadda ke nan ta ƙara girma, ko zazzaɓi ya dawo. Nan take maƙwabta za su ce maganin asibiti bai karɓe shi ba, ko an yi masa jifa, a koma na gargajiya. Sau da yawa abin da ya faru shi ne garkuwar jikin da cutar ta danne ta farfaɗo, ta tarar da gawarwakin ƙwayoyin cuta a warwatse, ta afka musu da ƙarfi fiye da kima. An fi ganin wannan ga masu ɗauke da ƙanjamau, bayan sun fara maganin rage kaifinsa, domin dakarun CD4 da ƙanjamau ya cinye suna dawowa a lokaci ɗaya. Duk da haka ba a jinkirta maganin ƙanjamau da yawa. Yanzu ana fara shi cikin sati biyu da fara na tibi, sai dai idan tibin ya taɓa ƙwaƙwalwa, domin jira ya fi kisa. Shi ya sa muke roƙon kowane mai tibi ya yarda a yi masa gwajin ƙanjamau, ba don muna zarginsa da komai ba.

Idan haka ta same ka, ɗan uwa, kada ka yanke wa kanka hukunci. Ka ci gaba da shan magani, ka zo a duba ka a ranar ko washegari. Likita ne zai tantance ko farfaɗowar garkuwa ce, ko wata cuta ce ta daban, ko ƙwayar ce ba ta jin maganin, kuma idan kumburin ya yi tsanani akwai abin da ake bayarwa ya kwantar da shi. Fitsari da gumi su yi ja kamar manja, wannan rifamfisin ne, ba jini ba ne, kada ya firgita ka. Ƙafa ta riƙa zugi ko tsira-tsira, ka faɗa mana, bitamin B6 na maganinsa. Amma ido ya yi rawaya irin na shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishi-dishi, ko ƙuraje su feso a jiki har baki, wannan kada ka ƙara ko ƙwaya ɗaya, ka taho asibiti nan take, ko Manhyia ko Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa da kai.

Kullum ana tambayata me za a sha don ƙarfafa garkuwar jiki. Na san kwalaben da ake tallatawa a kasuwar Kejetia da cikin tirotiro, wato motocin haya, masu ƙara jini da wankin ciki. Uku daga cikin magungunan tibi huɗu ta hanta suke bi, kuma suna iya wahalar da ita. A ɗora mata jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ko barasa, zalunci ne. Kuɗin kwalbar a sayi ƙwai da kifi da wake da gyaɗa. Tuwon zafi da miyar ayoyo da daddawa, fura da nonon da aka dafa, wagashi, ganyen kwantomire, lemo da ayaba, duk ginin jiki ne, kuma da su dakarun nan ke samun abin yaƙi. Mai ciwon suga ya kula da sugansa sosai, don suga mai yawa na kasalar da makurofaj, kuma masu shi sun ninka wasu sau biyu zuwa uku wajen kamuwa da tibi. Taba da shisha kuwa, huhun da ke ɗinkewa ba ya buƙatar hayaƙi. Nauyin da muke auna ka duk zuwa ma yana da aiki: da shi ake lissafa yawan ƙwayoyin da za ka sha, idan ka ƙara ƙiba mai yiwuwa a ƙara maka.

Azumi na zuwa, tambayoyi kan yawaita. Allah ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya, kuma mai tibi a watannin farko, jikinsa a rame, yana cikin waɗanda rangwamen ya shafa. Wanda ya ji ƙarfi yana son yin azumi ya zo mu tsara lokacin shan magani tare, tunda sau ɗaya ake sha a rana. Hajiyoyi masu shan ƙwayar tazarar haihuwa ko masu ashanar hannu, ku sanar da mu, rifamfisin na rage musu ƙarfi.

Maƙwabtanmu Asante suna kiran cutar nan "nsamanwa", wato tarin fatalwa, mu ma a Zango ba mu tsira daga irin wannan tsoron ba. Na ga an ware wa mutum kwano da kofi, an hana shi shiga ataya da abokai har bayan ya gama magani. Tibi ba ta bin kwano ko musabaha. Iska take bi, kuma bayan kamar sati biyu na maganin da ke aiki, yaɗa ta na raguwa ƙwarai. A buɗe taga, a bar rana ta shiga ɗaki, a rufe baki yayin tari, a kuma kawo mutanen gida a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar, waɗanda garkuwarsu ba ta nuna ba. Akwai maganin riga-kafi da ake ba su ko da an yi musu allurar BCG, wato ta riga-kafin tibi da ake yi wa jarirai.

Abin da ke gaya mana gaskiyar halin da ake ciki shi ne gwajin kaki: a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida. Gwaji da magani kyauta ne a ƙarƙashin shirin yaƙi da tibi na ƙasar Ghana. Ko bayan an sallame ka, tabon huhu na iya barin ɗan tari ko haki, kuma yin tibi sau ɗaya ba ya hana sake kamuwa da ita, don haka duk tarin da ya kai sati biyu a dawo da shi a gwada. Baba tela da ya dawo, Allah ya taimaka ƙwayarsa na jin magani har yanzu, aka sake masa lissafi daga rana ta farko. Yanzu yana wata na biyar, ranar Litinin zai kawo kakinsa.