Waiwaye kan muhawarar annabcin Ezekiyel game da birnin Taya

A cikin annabce-annabcen Littafi Mai Tsarki da ake ja-in-ja a kan cikarsu, na birnin Taya yana cikin waɗanda suka fi daɗewa a bakin malamai. Sura ta 26 ta littafin Ezekiyel ta ce Nebukadnezzar, sarkin Babila, zai rushe garun birnin, a zuba duwatsunsa da katakonsa da ƙasarsa cikin teku, ya zama falalen dutse inda masunta za su riƙa shanya tarunsu, kuma ba za a sāke gina shi ba. A lokacin Taya ce cibiyar kasuwancin Finikiyawa, mutanen gaɓar tekun Labanan na dā, kuma ainihin birnin yana kan tsibiri, kimanin mita 800 daga gaɓar teku.

Nebukadnezzar kuwa ya zo da rundunarsa. Masanin tarihin Yahudawa, Yusufus, ya ruwaito daga rubuce-rubucen Finikiyawa cewa ya yi shekara 13 yana kewaye da birnin, wajen 586 zuwa 573 kafin haihuwar Almasihu, amma tsibirin bai rushe ba, domin rundunar ƙasa ba ta iya tare jiragen ruwa. Littafin Ezekiyel da kansa ya amsa haka. A sura ta 29, aya ta 17 zuwa 20, annabin ya ce sojojin sun yi ta fama har kowane kai ya yi sanƙo, kowace kafaɗa ta goge, ba su sami ladan wahalarsu daga Taya ba, don haka za a ba sarkin ƙasar Masar a madadi.

Sai a shekara ta 332 kafin Almasihu Iskandari na Makidoniya ya ci tsibirin bayan wata 7, ta hanyar kwashe ɓaraguzan tsohon garin da ke gaɓa yana zubawa cikin ruwa har ya yi hanya. Wannan shi ne ginshiƙin hujjar masu cewa annabcin ya cika. Suna nuna cewa aya ta 3 ta ambaci al'ummai da yawa da za su taso kamar raƙuman ruwa, kuma a aya ta 12 maganar ta koma daga "shi" zuwa "su", wato aikin da Babila ta fara wasu ne suka ƙarasa. Masu ja da su suna amsa cewa al'umman su ne ƙabilun da ke cikin rundunar Babila, kuma ko bayan Iskandari an sāke gina birnin, har littafin Ayyukan Manzanni ya ce Bulus ya kwana 7 a cikinsa tare da masu bi.

Ba masu shakka ne suka fara ganin matsalar ba. Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya lura a sharhinsa na farkon ƙarni na 5 cewa Taya tana nan a tsaye, birni mai kyau da daraja, sai ya fassara rashin sāke ginin da cewa ba za ta ƙara zama mai mulkin kanta ba. Bayan Mamlukawa, masu mulkin Masar a lokacin, sun rushe ta a 1291, lamarin ya juya. Wani limamin cocin Ingila, Henry Maundrell, da ya ratsa ta wurin a 1697, ya tarar da kangaye da 'yan matalautan masunta suna fakewa a cikinsu, kuma marubutan ƙarni na 18 suka riƙa kafa hujja da labarinsa. A 1875 kuma malamin Holand, Abraham Kuenen, ya sa Taya cikin jerin annabce-annabcen da bai ga cikarsu ba. Yau garin yana nan a kudancin Labanan da sunan Sur, cike da jama'a, kuma tsibirin ya haɗe da gaɓa saboda yashin da ya taru a kan hanyar Iskandari.

A ganina, sura ta 29 ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin waɗanda suka tattara littafin sun ajiye alkawarin da kuma bayanin rashin cikarsa a hannun Nebukadnezzar ba tare da sun goge ko ɗaya ba. Wannan ya nuna cewa ba su ɗauki annabci a matsayin jadawalin da ba ya motsi ba. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta sa cikar magana ta zama ma'aunin annabin gaskiya, amma Irmiya 18 ta ce Allah yakan janye hukuncin da ya ambata idan al'umma ta sauya hali, kamar yadda ya faru da Nineba a labarin Yunusa. Sai dai littafin Ezekiyel bai ce mutanen Taya sun tuba ba, don haka wannan amsar ma ba ta rufe bakin masu tambaya.

Alkawarin Masar ɗin shi ma ya shiga cikin gardamar. Wani guntun allon yumɓu na Babila ya ambaci yaƙin da Nebukadnezzar ya kai wa Fir'auna Amasis a shekara ta 37 ta sarautarsa, wajen 568 kafin Almasihu, amma Amasis ya ci gaba da mulki har 526, kuma Herodotus, masanin tarihin Girka, ya bayyana zamaninsa a matsayin lokacin yalwa, alhali sura ta 29 ta yi maganar shekara 40 na kufai.