Zuzzurfan Tunani na Addinin Buddha a Cikin Jama'a

Zuzzurfan tunani na addinin Buddha horo ne na tsayar da hankali a kan abin da ke faruwa a jiki da zuciya a daidai lokacin da yake faruwa. Ana danganta shi ga Siddhartha Gautama, wato Buddha, wanda aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, ya kuma yi koyarwarsa a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Tsoffin littattafan harshen Pali sun ambaci abubuwa huɗu da ake lura da su: jiki, abin da ake ji na daɗi ko na wuya, halin zuciya, da abubuwan da ke ɗarsuwa a cikinta.

Yadda ake yin sa a taro ba shi da wuyar bayani. Mutane sukan zauna a ƙasa, su harɗe ƙafafu, su miƙe baya, kowa ya bi shigar numfashi da fitarsa a bakin hanci. In hankali ya gudu zuwa bashi ko cefanen gobe, ba a faɗa da shi, sai dai a lura cewa ya gudu, a dawo da shi. Sau da yawa ƙararrawa ce ke buɗe zaman, ita ce kuma ke rufe shi, sannan a tashi a yi tafiya sannu-sannu ana lura da ɗaga ƙafa da ajiye ta.

Tsawon ƙarnoni wannan horo ya fi zama aikin sufayen addinin, jama'ar gari kuwa nasu shi ne ciyar da su da kiyaye dokokin ɗabi'a. Abin ya sauya a Bama, wato Myanmar, zamanin mulkin Ingilishi, inda malamai irin su Ledi Sayadaw, wanda ya rasu a 1923, suka buɗe shi ga talakawa. Daga wannan silsila S. N. Goenka ya fito, ya fara koyarwa a Indiya a 1969 da kwas na kwana 10 wanda ake tashi da ƙarfe 4 na asuba, a kame baki daga magana, kuma ba a biyan ko sisi, don sadakar tsoffin ɗalibai ke riƙe da shi. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya tsara shirin mako 8 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, ya cire masa rigar addini domin masu fama da ciwo da damuwa.

Addinin Buddha ba shi da tushe a Bauchi, inda jama'a Musulmi ne da Kirista, saboda haka abin da ke isowa ta wayar hannu galibi wannan sigar ta asibiti ce, wadda mutum ke yi shi kaɗai a ɗaki, ba malami ba abokan zama. Wanda ya saba ganin 'yan Tijjaniyya sun kewaye farin ƙyalle suna wazifa zai ga kama ta wajen natsuwa da haɗuwa a lokaci sananne, amma manufa ta bambanta ƙwarai: zikiri ambaton Allah ne da neman kusanci gare Shi, horon Buddha kuwa yana neman ganin cewa komai mai gushewa ne, domin yanke kwaɗayin da addinin ke ɗauka tushen wahala, kuma ba ya dogara da imani da mahalicci.