Kuben Bindiga na Ƙugu: Ire-irensa da Yadda Ake Zaɓensa

Kuben bindiga na ƙugu, wanda wasu ke kira gidan bindiga wasu kuma su ce holsta kawai, shi ne abin da ake maƙalawa a jikin bel a zura ƙaramar bindiga ciki, fistol ce ko libarba. 'Yan sanda da sojoji da masu gadi da masu wasan harbi su ne suka fi amfani da shi, sai kuma farar hula a ƙasashen da doka ta ba su lasisin ɗaukar makami. Aikinsa na farko ba wai sauƙin zarowa ba ne kamar yadda mutane da yawa suke ɗauka, aikinsa shi ne ya rufe kunamar bindigar ruf ta yadda yatsa ko gefen riga ko mukulli ba za su iya taɓa ta ba, sannan ya riƙe bindigar wuri ɗaya ko mutum na gudu ko ya sunkuya ko ya faɗi. Sauran abubuwa irin su jin daɗin ɗauka da ɓoyewa da kyau duk a bayan wannan suke biyowa.

Tarihinsa a taƙaice

Da can fistol ba a ƙugu take zama ba, a jikin sirdi ake rataye ta ɗaya dama ɗaya hagu, saboda nauyi, misali Colt Walker ta 1847 ta kai kilo biyu babu harsashi ciki. Sai da aka samu masu sauƙi irin Colt Navy ta 1851 sannan ɗauka a bel ya yaɗu. A ɓangaren soja akwai sanannen bel ɗin nan mai igiya ta kafaɗa da ake kira Sam Browne, sunan wani hafsan Ingila ne da ya rasa hannunsa na hagu a Indiya a 1858, ya ƙirƙiro shi don ya iya zare takobi da hannu ɗaya, daga baya aka riƙa rataya fistol a jiki. Kuben soja na wancan zamani mai murfi ne da ke rufe bindigar gaba ɗaya, kamar M1916 na sojan Amurka da aka yi wa fistol ɗin M1911, don su damuwarsu ruwan sama ne da ƙura da laka ba saurin zarowa ba.

'Yan sandan Amurka ne suka ja abin ya koma wajen sauri. A shekarun 1920 aka fito da samfurin wani ɗan sanda mai suna Tom Threepersons wanda baduku S.D. Myres na garin El Paso ya ɗinka, an rage fatar sosai har kunama tana waje ana ganinta. A lokacin ba a ɗauki hakan matsala ba saboda kunamar libarba tana da tauri, sai an ja ta da ƙarfin da ya kai kusan kilo biyar, amma da fistol irin Glock 17 ta fito a Ostiriya a farkon shekarun 1980, mai kunamar da ba ta wuce kilo biyu da rabi ba kuma babu wani makulli da ake turawa da yatsa, sai lissafi ya canza. Yau kube mai barin kunama a fili ya zama kayan tarihi, ko a gasar ƙungiyoyin wasan harbi na IPSC da IDPA ba a yarda da shi.

Na waje da na ciki

Kashi biyu ne manya. Akwai wanda ke zama a wajen wando, a kwali za ka ga an rubuta OWB, akwai kuma wanda ake cusawa tsakanin wando da jiki ya kama bel da ƙugiya ko maɗauri, shi ne IWB.

Na waje ya fi daɗin ɗauka nesa ba kusa ba, hannu ya fi saurin kama mariƙin, mayar da bindiga ciki ma ya fi sauƙi, shi ya sa malaman harbi suka fi so sabon shiga ya fara da shi. Samfurin da ya fi shahara shi ne falen fata biyu da aka ɗinke da ramin bel gaba da baya, wanda Roy Baker ya fito da shi a farkon shekarun 1970, idan aka ɗaure bel sai ramukan biyu su jawo bindigar ta lafe a jiki. Akwai mai faffadan harshe da ake soka wa cikin wando ba sai an kwance bel ba, yana da amfani ga wanda yake yawan cirewa da mayarwa a ofis ko a mota, amma gaskiya da yawansu ba sa kama bel da kyau, kuma yana tura bindigar waje ta yi tudu a ƙarƙashin riga.

Na ciki shi ne na mai son ɓoyewa, tunda rabin bindigar na ƙasa yana cikin wando riga kawai za ta rufe mariƙi. Tsohon samfurin da har yanzu ake kwaikwayo shi ne Summer Special na Bruce Nelson, wani ɗan sandan ciki a Kalifoniya, wanda kamfanin Milt Sparks ya ci gaba da yi, sirrinsa kuwa bakin ne da aka ƙarfafa don kada ya rufe idan an zare bindiga. Wanda zai ɗauki na ciki ya sani wandonsa da bel ɗinsa sai sun ƙaru da kamar inci ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba wuni zai yi yana mutsu-mutsu.

Wurin zama a ƙugu da agogo ake kwatanta shi, cibiya ƙarfe 12, kwankwason dama ƙarfe 3, tsakiyar baya ƙarfe 6, bahago sai ya juya lissafin. Ƙarfe 3 zuwa 4 shi ne aka saba, galibi a ɗan karkatar da mariƙin gaba kamar digiri 15 don kada ƙarshensa ya tokare riga idan an sunkuya. Ƙarfe 1, wato gaba a gefen mara, ya samu karɓuwa sosai a 'yan shekarun nan saboda yana ɓoyuwa kuma hannu na isa gare shi ko a zaune da bel ɗin mota, sai dai bakin bindigar yana kallon cinya ne inda babbar jijiyar jini take, kuskure a nan ba ya ba da damar gyara, ba wurin koyo ba ne. Ƙarfe 6 kuwa malamai da yawa sun ƙi shi, mutum ya zame ya faɗi ta baya ƙarfe ne zai daki ƙashin bayansa, ba ya ganin abin da ke faruwa a wurin, kuma wajen zarowa bakin bindigar yakan bi ta jikinsa.

Fata, Kydex ko nailan

Fata ita ce ta asali kuma har gobe tana da masoyanta, ba ta ƙara, tana bin siffar jiki a hankali, ba ta cika kankare fentin bindiga da sauri ba. Mai kyau ana yin ta da fatar sa mai kauri da aka jeme da sinadarin itatuwa, a jiƙa ta a matse ta a kan siffar ainihin bindigar har ta bushe da tauri, fatar doki kuma ta fi jure zufa. Sabuwa takan matse sosai, dabarar da aka sani ita ce a naɗe bindigar da aka cire wa harsashi a leda a cusa ta kwana ciki. Abin da ba a yi shi ne shafa mata man laushi kamar takalmi, domin taurin nan shi ne amfaninta, ranar da ta yi laushi bakin zai fara lanƙwashewa, kuma lanƙwasasshiyar fata tana iya shiga zoben kunama ta danna ta lokacin da ake mayar da bindiga. Kuben fata da ya tsufa haka jefarwa ake yi, ba gyara.

Kydex wata roba ce mai tauri da kamfanin Rohm and Haas ya ƙirƙiro a 1965 don kayan cikin jirgin sama, ana gasa falenta ta yi laushi a matse ta a kan samfurin bindiga. Bill Rogers, tsohon jami'in FBI, shi ya fara yin kube da ita a farkon shekarun 1970, kamfanin kube na Safariland ya saye kamfaninsa a 1985. Ba ta shan zufa, bakinta ba ya rufewa, idan bindiga ta zauna za ka ji wata 'yar ƙara ƙas, kuma akwai sukuru da ake ɗaurewa ko sassautawa don daidaita riƙon. Kaurin da aka fi amfani da shi inci 0.08 ne, kamar milimita biyu. Illarta tana goge fenti a wuraren da take gogar ƙarfe, musamman in yashi ya shiga, tana iya tsagewa idan ta daɗe, kuma in aka bar ta a gaban gilashin mota cikin rana tana iya sauya siffa. Akwai haɗin gambiza, fata ko yadi mai laushi ta ɓangaren jiki Kydex ta waje, yana da daɗi amma bayan nan mai laushi shi ma yana iya naɗowa idan ya tsufa.

Na nailan mai laushi da ake rubuta wa yana ɗaukar kowace bindiga shi ne mafi arha, kuma shi ne ya fi cika durowar mutane ba a amfani da shi. Ana iya danna kunama ta cikin yadin, bindiga tana yawo ciki, da an zare ta ya lafe. Kube na kirki don samfuri guda ake yin sa, na Glock 19 ba na SIG P320 ba ne ko da ta shiga, kuma idan an ɗaura tocila ko saiti mai jan ɗigo dole kuben ya zama an yi shi da lissafinsu, a irin masu tocila ma jikin tocilar ne kuben yake kamawa, saboda haka in aka cire ta bindigar ba za ta riƙu ba.

Matakan riƙo

Riƙo iri biyu ne, akwai na matsi kawai wanda da an ja bindiga ta fito, akwai kuma na makulli da sai an danna ko an tura wani abu. Safariland ne suka yaɗa lissafin mataki na 1 da na 2 da na 3, kowane mataki yana nufin ƙarin wani motsi da hannu zai yi kafin bindiga ta fito, amma ba ƙa'ida ce ta duniya ba, kowane kamfani da yadda yake ƙirgawa, don haka lambar da ke kwali ba ta isa hujja ba sai an ga yadda makullin yake aiki. Mai kaki da bindigarsa ke fili cikin jama'a yana buƙatar makulli saboda wani na iya kai hannu ya fizge, shi ya sa rundunoni da yawa suka wajabta mataki na 2 ko na 3, irin makullan Safariland na ALS da SLS da ake buɗewa da babban yatsa. Wanda tasa ke ɓoye ƙarƙashin riga galibi matsi ya wadatar. Tsohuwar dabarar igiyar fata mai maɓalli da babban yatsa ke ɓallewa tana nan, sai dai a lura kada igiyar ta faɗa cikin kube wajen mayarwa. Masu makullin da ake dannawa da manuniya, irin SERPA na kamfanin Blackhawk, sun jawo cece-kuce har makarantun harbi da dama suka hana shigowa da su, dalili kuwa yatsan da ke danna makullin shi ne na kunama, cikin gaggawa yana iya zarcewa.

Bel da gwaji

Mutane suna kashe kuɗi a kube su manta da bel, alhali rabin aikin nasa ne. Glock 19 cike da harsashi ta haura gram 800, M1911 ta ƙarfe ta wuce kilo ɗaya, bel ɗin kwalliya ba zai ɗauki wannan ba, zai lotsa mariƙin ya kwanto waje mutum ya yi ta jan wando. Bel ɗin bindiga ninki biyu ne ko kuma an sa masa wani abu mai tauri a tsakiya, faɗinsa yawanci inci 1.5 ko 1.75, na aikin ɗan sanda 2.25, kuma ramin kube ko ƙugiyarsa dole su yi daidai da faɗin, in ramin ya fi bel girma kuben zai riƙa rawa. Ƙugiyar roba mai arha takan saki bel a zaro bindiga da kubenta tare, ta ƙarfe mai kama ƙasan bel ko maɗauri mai zagaye shi sun fi aminci.

Gwaji ana yin sa ne da bindigar da aka cire wa gidan harsashi aka duba cikinta aka tabbatar babu komai. A saka ta a kube a kifa a kan katifa a ɗan girgiza, kada ta zubo. A gwada taɓa kunama ta kowane gefe, kada ta taɓu. A ɗaura a ƙugu a ga ko yatsu uku suna zagaye mariƙin sosai tun tana ciki, in bel ko bakin kube ya tare su toh ya nutse da yawa. Sannan a zauna, a sunkuya, a shiga mota, don abin da ya yi daɗi a tsaye gaban madubi ba lallai ya yi bayan awa shida ba. Siffar jiki ma tana da tasiri, mata da yawa kwankwasonsu yana tura mariƙin ya soki haƙarƙari, sai su koma ga wanda ya ɗan sauko ƙasa ko na gaba, mai tumbi kuma na gaban ne yake wahalar da shi.

Harbin kuskure da ya shafi kube yana yawan faruwa wajen mayar da bindiga, shi ya sa ake koyar da cewa a cire yatsa daga kunama, a ɗage riga, a kalli bakin kuben, a zura a hankali, in an ji wani abu ya tokare a tsaya kada a danna. Sukurori kuma suna kwancewa da kansu saboda motsin yau da kullum, ana duba su lokaci-lokaci a ɗiga musu ruwan gam na riƙe sukuru mai launin shuɗi wanda ake iya kwancewa daga baya, ba ja ba. Dokar ɗauka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Amurka ma daga jiha zuwa jiha, wasu wurare sun yarda a ɗauka a fili wasu sai a ɓoye wasu kuma sam, kuma ma'aikacin tsaro yawanci hukumarsa ce ke fitar da jerin kuben da aka amince ya ɗaura a bakin aiki.