Dokar ɗan wasa na goma sha biyu a gasar IPL: abin da ta tanada da dalilin ƙorafin masoya kurket

Tun daga kakar 2023, gasar kurket ta ƙungiyoyin Indiya da aka fi sani da IPL tana aiki da wata doka da ake kira Impact Player, wadda ta ba kowace ƙungiya damar cire ɗan wasa ɗaya ana tsakiyar wasa, ta sa wani a madadinsa, shi kuma wanda ya shigo ya yi bugu ko jifa kamar da shi aka fara. Mai kallon ƙwallon ƙafa ba zai ga abin mamaki a nan ba, tunda canji ya daɗe da zama ruwan dare a can. A kurket kuwa wannan doka ta taɓa ginshiƙin wasan, shi ya sa har yau ake ta ce-ce-ku-ce a kanta, kuma cikin masu sukarta akwai manyan 'yan wasan Indiya kansu.

Kafin a fahimci dokar sai an san yadda gajeren wasan yake. A tsarin T20 da IPL take bi, wanda hukumar kurket ta Ingila ta ɓullo da shi a 2003, kowace ƙungiya tana da 'yan wasa goma sha ɗaya, kuma tana samun zango ɗaya na bugu mai oba ashirin, kowace oba kuwa jifa shida ce a jere daga hannun mutum ɗaya. Ba a yarda mai jifa ɗaya ya wuce oba huɗu ba, don haka dole ƙungiya ta tanadi aƙalla mutum biyar da za su iya jifa. Idan aka ware waɗannan biyar, saura shida ne kacal na bugu, ciki har da mai tsaron bayan sanduna. A nan wahalar zaɓe take. Kyaftin da ya ƙara mai bugu ya rage ƙarfin jifarsa, wanda ya ƙara mai jifa kuma ya bar ƙarshen layin bugunsa a buɗe. Hanyar tsira daga wannan tsaka mai wuya ita ce samun ɗan wasa mai hannu biyu, wanda zai iya ba da oba uku ko huɗu sannan ya tsaya ya yi bugu na kirki, kuma wannan ne ya sa irin waɗannan 'yan wasa suka fi kowa daraja a gajeren wasa.

Dokokin kurket na asali, waɗanda ƙungiyar MCC da ke filin Lord's a Landan take kula da su, sun tsaya a kan cewa mutum goma sha ɗayan da aka bayyana su ne za su yi wasan. Idan wani ya ji rauni, ana iya shigo da wani ya tsaya masa a tsaron fili, amma ba zai yi bugu ba, ba zai yi jifa ba, ba kuma zai zama kyaftin ba. Sassaucin da aka yi a 2019 ya shafi wanda ya bugu a ka ne, inda aka yarda a maye gurbinsa da wanda yake yin irin aikinsa, kamar yadda Marnus Labuschagne ya maye gurbin Steve Smith na Ostireliya a Lord's a watan Agustan shekarar. Wancan tanadi ne na kare lafiya. Dokar IPL kuwa ba ta da alaƙa da rauni, dabara ce zalla.

Ga yadda take aiki. Bayan an jefa kwabo an san wanda zai fara bugu, kowane kyaftin yana miƙa sunayen 'yan wasansa goma sha ɗaya tare da na wasu biyar da ke benci, kuma daga cikin biyar ɗin nan ne za a iya ɗauko mutum ɗaya, sau ɗaya tak a duk wasan. Ana iya shigo da shi kafin a fara zango, ko a ƙarshen oba, ko lokacin da aka fitar da mai bugu, ko kuma idan mai bugu ya janye. Alƙalin wasa yana sanar da canjin ta hanyar ɗaga hannayensa sama da kansa ya giciya su. Wanda aka cire ya gama wasansa na ranar, ko tsaron fili ba zai dawo ya yi ba. Wanda ya shigo yana da cikakkiyar damar jifar oba huɗu, ko da wanda ya maye gurbinsa ya riga ya jefa nasa huɗun, sai dai idan an shigo da shi a tsakiyar oba ba zai ƙarasa wannan obar ba. A ɓangaren bugu, duk da canjin, mutum goma sha ɗaya ne kawai za su iya bugawa. Akwai kuma sharaɗi game da baƙi: tunda gasar ba ta yarda a sa 'yan ƙasar waje fiye da huɗu ba, ɗan canjin dole ya zama Ba'indiye, sai fa idan ƙungiyar ta fara wasan da baƙi uku ko ƙasa da haka.

An ga amfaninta tun a wasan farko, ranar 31 ga Maris 2023 a Ahmedabad, tsakanin Chennai Super Kings da Gujarat Titans. Chennai ta fara bugu ta tara maki 178, Ambati Rayudu yana cikin waɗanda suka buga. Da aka zo zango na biyu, lokacin da ba a buƙatar sandarsa kuma, sai aka cire shi aka shigo da mai jifa Tushar Deshpande, wanda ya zama ɗan canji na farko a tarihin gasar. Gujarat ita ma ta shigo da Sai Sudharsan a madadin Kane Williamson, wanda ya ji rauni a gwiwa yana tsaron fili, kuma ita ce ta ci wasan. Abin da Chennai ta yi a wannan dare shi ne ya zama al'ada: mai fara bugu tana jera masu bugu bakwai ko takwas, ta sauya ɗaya da mai jifa idan an juya, mai fara jifa kuma tana yin akasin haka. A aikace, kowace ƙungiya tana wasa da mutum goma sha biyu ne, kuma abin da aka yi zaton zai zama dabarar ba-zata ya koma lissafin da kowa ya sani tun kafin a shiga fili.

A nan ne nake ganin ƙorafin masoya wasan yana da tushe. Daɗin kurket yana cikin cewa kowane zaɓi yana da farashinsa. Mai bugun da ya fito da farko yana kai hari ne da sanin cewa idan aka fitar da shi da wuri, aka kuma fitar da wani a bayansa, nan da nan za a kai ga masu jifa waɗanda ba su iya riƙe sanda sosai ba. Wannan tsoron ne yake sa shi auna kowace ƙwallo, kuma shi ne makamin da mai jifa yake da shi. Idan aka ƙara ƙwararren mai bugu a lamba ta takwas, tsoron ya ragu ƙwarai, domin a cikin jifa 120 da wuya a cinye masu bugu takwas. Mai jifa zai iya fitar da mutum biyu a obobin farko, abin da a da yake girgiza ƙungiya, amma ya ga wanda ya shigo yana ci gaba da dukan ƙwallo kamar ba abin da ya faru.

Alƙaluman kakar 2024 sun nuna inda aka dosa. Daga 2013 har zuwa wannan kakar babu ƙungiyar IPL da ta wuce maki 263 da Royal Challengers Bangalore ta tara a ranar da Chris Gayle ya ci 175 shi kaɗai. A watan Maris na 2024 Sunrisers Hyderabad ta tara 277 a kan Mumbai Indians, ba a yi wata guda ba ta sake tara 287 a Bengaluru. A wani wasan da Delhi Capitals, Travis Head da Abhishek Sharma na Sunrisers sun ci 125 a oba shida na farko ba tare da an fitar da ko ɗaya ba. A Kolkata kuma Punjab Kings, da ta yi bugu a zango na biyu, ta ci maki 262 da take buƙata don lashe wasan, abin da ba a taɓa yi ba a T20 kafin nan. Adalci shi ne a ce ba dokar kaɗai ta jawo haka ba, domin akwai filayen da ƙasarsu ba ta taimakon mai jifa, akwai ƙananan filaye irin na Bengaluru, ga raɓar dare da ke sa ƙwallo santsi a hannu, ga kuma sabon salon bugu da ya yaɗu a duniya. Amma duk waɗannan suna nan kafin 2023, kuma ba su kai maki inda suka kai bayan zuwan dokar ba.

Illa ta biyu ta fi ta farko zurfi, kuma ita ce Rohit Sharma, kyaftin ɗin Indiya a lokacin, ya nuna a watan Afrilun 2024 lokacin da ya ce shi ba mai goyon bayan dokar ba ne, domin tana tauye 'yan wasa masu hannu biyu, ya kuma ambaci Shivam Dube da Washington Sundar a matsayin waɗanda ba sa samun damar jifa. Virat Kohli, wani babban ɗan wasan Indiya, ya mara masa baya bayan 'yan makonni, yana mai cewa daidaiton wasan ya gurɓace. Hujjar a fili take. Ƙungiyar da za ta iya samun cikakken mai bugu a zango ɗaya da cikakken mai jifa a ɗayan ba ta da dalilin haƙuri da matashin da yake koyon ayyukan biyu. Dube, wanda ya taso yana jifa yana bugu, kusan bai taɓa ƙwallo ba a kakar 2023 da ta 2024, domin ƙungiyarsa Chennai ta mayar da shi mai bugu kawai. Ga shi kuma wasannin ƙasa da ƙasa a ƙarƙashin hukumar kurket ta duniya, ICC, ba su da wannan doka, a can mutum goma sha ɗaya ne, kuma Indiya da ta ci kofin duniya na T20 a Barbados a watan Yunin 2024 ta dogara ne ƙwarai da masu hannu biyu irin su Hardik Pandya da Axar Patel, waɗanda suka ƙware tun kafin dokar ta zo. Damuwar tana kan waɗanda za su gaje su.

Masu goyon bayan dokar ma suna da abin faɗa. Ravichandran Ashwin, tsohon mai jifar ƙungiyar ƙasar Indiya, yana cikin waɗanda suka kare ta, bisa cewa tana ƙara wa kyaftin da koci dabaru, kuma gaskiya ne cewa a kowane wasa ƙarin 'yan Indiya biyu suna samun shiga fili, wasunsu matasa ne da a da za su ƙare kakar a benci. Haka nan, haɗe da damar bayyana 'yan wasa bayan jefa kwabo, ta rage yadda sa'ar kwabo take yanke hukuncin wasa a daren da raɓa ta yi yawa. Waɗannan amfanoni ne na gaske, amma na ƙarshen ana samunsa ko ba tare da ɗan canji ba.

Ba wannan ne karo na farko da aka gwada irin haka ba. A 2005 hukumar ICC ta shigo da ɗan canji a wasannin yini ɗaya, Vikram Solanki na Ingila ne ya fara shiga a haka, amma da yake dole a bayyana shi kafin jefa kwabo, sai ya zama wanda ya ci kwabon ne kawai yake cin moriyarsa, aka soke tsarin a 2006. Gasar Big Bash ta Ostireliya ta kawo sauye-sauye uku a kakar 2020 zuwa 2021: ɗan canji a oba ta goma, ƙarin maki ɗaya a teburi ga ƙungiyar da take gaba a tsakiyar zango na biyu, da kuma abin da suka kira Power Surge, inda aka rage obobin farko da ake taƙaita masu tsaron nesa daga shida zuwa huɗu, aka bar wa masu bugu su zaɓi lokacin da za su yi amfani da sauran biyun daga oba ta goma sha ɗaya. Bayan kaka biyu aka watsar da biyun farko, na ukun ya rayu. Dalilin da nake gani shi ne na ukun yana ɗora wa ƙungiya shawarar da za ta iya yi mata tsada: idan ta yi gaggawa ta iya rasa masu bugunta, idan ta yi jinkiri ta iya rasa wanda zai ci moriyar obobin. Dokar IPL kuwa tana sauke wa ƙungiya nauyin shawara ne. Wannan bambancin ya nuna cewa masu ƙorafi ba ƙin sabon abu suke yi ba, tunda shi kansa T20 sabon abu ne da suka rungume shi hannu bibbiyu.

Hukumar kurket ta Indiya, BCCI, ba ta toshe kunnenta gaba ɗaya ba. A 2024 ta yarda mai jifa ya jefa ƙwallo mai tashi zuwa tsayin kafaɗa sau biyu a oba maimakon sau ɗaya, a 2025 kuma ta ɗage haramcin shafa wa ƙwallo yawu da aka sa tun lokacin korona, ta kuma ba da damar sauya ƙwallo a zango na biyu na wasannin dare saboda raɓa. Duk waɗannan ƙoƙari ne na mayar wa mai jifa wani abu daga abin da ya rasa, ba tare da an taɓa dokar da ta jawo rashin ba. A watan Mayun 2024 Jay Shah, sakataren hukumar a lokacin, ya ce dokar gwaji ce kuma ba ta dindindin ba, amma a watan Satumba aka sanar da cewa za ta ci gaba a IPL daga 2025 har 2027. Wata guda bayan haka hukumar ta cire ta daga gasar Syed Mushtaq Ali, gasar T20 ta jihohin Indiya inda aka fara gwada ta a 2022. Ke nan matashin ɗan wasa a Indiya yanzu yana koyon sana'arsa a gasar jihohi da mutum goma sha ɗaya, idan ya kai ga ƙungiyar ƙasa ma goma sha ɗaya ne, amma a gasar da ta fi kowace biyan kuɗi da jan idon masu zaɓen 'yan wasa, ana auna shi ne a wasan mutum goma sha biyu.